Idan hazo ya rufe ka a cikin tsauni kana tuƙa helikwafta

Ɗan'uwa matuƙi, musamman kai da ka fito daga makaranta kwanan nan, dan Allah ka tsaya ka ji wannan. Abin da yafi kashe matuƙan jirgi mai saukar ungulu a wuraren duwatsu sau da yawa ba inji bane, gajimare ne ko hazo ya sauko ba zato mutum ya daina ganin ƙasa. Haka ta faru da jirgin Kobe Bryant, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando, a garin Calabasas na Amurka ran 26 ga Janairu 2020, mutum tara suka rasu, matuƙin ya faɗa wa masu kula da zirga-zirga yana hawa sama alhali jirgin ya karkata hagu yana gangarowa kan tudu. Na Herbert Wigwe, shugaban kamfanin da ke da bankin Access, ma a Fabrairun 2024 a Kalifoniya binciken ya nuna kusan abu ɗaya, matuƙi ya shiga mummunan yanayi kansa ya juye.

Dalilin shine cikin kunnenka ne ke gaya maka ko kana miƙe ko a karkace, to da ido ya rasa abin kamawa sai kunnen ya fara yi maka ƙarya, kaji a jikinka wallahi kana daidai amma jirgi yana juyawa.

Tun kana ƙasa ka yanke hukunci. Ka duba rahoton yanayi na duk hanyar ba filin tashi kawai ba, ka san tudu mafi tsawo da zaka ratsa, ka sa wa kanka iyaka ka rubuta: in na sauko ƙasa da tsawo kaza ko na rage gudu da not 30 (not shine ma'aunin gudun jirgi) saboda bana gani sosai, na juya ko na sauka. Helikwafta fa ba sai da titin jirgi ba, gona ma ta isa, filin ƙwallo ma. Kuma oga da ke zaune a baya yana sauri zuwa taro bashi da ta cewa a nan, ka gaya masa ranka ya daɗe yau sai dai mota.

In kuma ka riga ka faɗa cikin hazon, daina leƙen taga. Idonka kan agogunan gabanka masu nuna tsawo da karkatar jirgi, ka daidaita jirgin tukuna, sannan ka hau a hankali har ka wuce tudun da ka sani, kar ka yi kwana mai kaifi, sai ka nufi inda ƙasa tafi sauƙi sannan ka kira a rediyo kace kana cikin gaggawa, ba abin kunya bane.

Wannan duk baya zuwa sai da atisaye. Ka nemi malami ya sa maka gilashin da ke toshe ganin waje ba tare da ya sanar da kai lokacin ba, ko ku shiga na'urar kwaikwayon tuƙi ya rufe maka gari kwatsam, ka maimaita duk bayan 'yan watanni don hannu yana mantawa. Masu tashi wajen Jos ko Mambila ku ƙara yin sa kafin hunturu ya shigo da ƙurarsa.