Yadda za ka tono tarihin tsohon otal ko mashaya da anka rufe a Sakkwato

Akwai gine-gine da yawa cikin garin nan da muke wucewa kullum ba mu san mi sunka kasance dauri ba. Wani yanzu makarantar kuɗi ce, wani an yanka shi shaguna, wani kango ne awaki na kwana ciki, alhali da can otal ne ko masaukin baƙi ko mashaya, musamman waɗanda anka rufe ko sunka canza sana'a bayan fara aiki da shari'a a jihar nan a 2000. In kana son tarihin irin wanga wuri ga hanyar da nike ganin ta fi.

Fara da mutane tukuna, takarda tana iya jiranka amma tsoho yau yana nan gobe sai labari. Je ka gaida mai unguwa ka faɗi abin da ke tafe da kai, shi zai haɗa ka da waɗanda sunka yi aiki wurin. Kuma kada ka raina ƙananan ma'aikata, maigadi da kuku da mai wanki da guga da mai shayin bakin ƙofa sun fi magada sanin wurin nesa ba kusa ba, don su sunka kwana sunka tashi a ciki, sun san wane ɗaki anka fara ginawa da wanda anka ƙara daga baya. Tafi bayan la'asar, riƙe goro, zauna ƙasa, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda ta waya.

Babban kuskure shi ne ka ce "Baba wace shekara anka gina shi?" Zai ba ka shekara don kada ka tashi hannu banza, kai ko ka rubuta. Tambaye shi da abin da ya riƙe a kai. "Baba lokacin Sardauna na da rai?" in ya ce eh to kafin Janairun 1966 ne. "Kuɗin ɗaki da fam ake biya ko da naira?" naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973. "Wa ke Sarkin Musulmi sa'ad da anka sai da wurin?" Abubakar na uku ya yi 1938 zuwa 1988, Dasuki 1988 zuwa 1996, Maccido 1996 zuwa 2006. Zamanin Shagari kuma 1979 zuwa 1983. Da irin waɗanga tambayoyi za ka matse lokacin har ya rage 'yan shekaru, sannan ka kai maganar ga wani tsoho daban wanda ba su zama tare ka ji ko za ta zo ɗaya.

Shi ma ginin yana magana in ka duba da kyau. Tsaya da hantsi rana na dukan bangon gaba ta gefe, sau da yawa za ka ga inuwar harufan tsohon suna ƙarƙashin sabon fenti. Duba saman ƙofofi ko akwai ramukan ƙusa inda lambar ɗaki take, duba inda bulo ya haɗu da tubalin ƙasa, da tagogin da anka toshe. Ɗauki hoton komi, amma da izinin masu wurin.

Sai takardu. Nan gida fara da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da laburaren Jami'ar Usmanu Danfodiyo, don ɗalibai sun yi rubuce-rubuce kan unguwannin birni da ba a buga ba. Ma'aikatar filaye na da fayil na filin in yana da takardar mallaka, wadda ake ce ma C of O, sai dai sai da yardar mai shi da haƙuri mai yawa. In wurin ya kai zamanin Turawa, wato daga 1903 zuwa 1960, to sai Kaduna, gidan adana takardu na ƙasa, ka nemi fayilolin lardin Sakkwato masu lamba SOKPROF. Kana can ka leƙa Arewa House don tsoffin jaridu, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita 1939, New Nigerian 1966, kuma tallace-tallace za ka bi da ido ba manyan labarai ba. Rasit ko wasiƙa mai ɗauke da Jihar Arewa maso Yamma tsakanin 1967 da 1976 take. In hoto ka samu duba motoci, Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972.

Abu guda da nike roƙo, wurin da anka sha giya akwai sirrin mutane a ciki, wasu sun tuba sun zama dattawan unguwa, wasu sun rasu sun bar 'ya'ya da jikoki. Za a faɗa maka sunaye, kada ka sa su Facebook. Rubuta wa ya gina in iyalinshi sun yarda, yaushe, ɗaki nawa, su wane irin baƙi ke sauka, fatake ne ko ma'aikatan gwamnati ko direbobi, da yadda anka rufe. In ka gama ka karanta ma tsofaffin da sunka ba ka labari su gyara, sannan ka buga kwafi biyu, ɗaya na magada ɗaya ka kai cibiyar Waziri Junaidu.