Darasi na 9: Daga Kufan Fadar Pennard Zuwa Bakin Teku

A yankin Gower, kusa da birnin Swansea a ƙasar Wales ta Birtaniya, akwai kufan wata fada da ake kira Pennard. An fara gina ta a ƙarni na 12, daga baya rairayi ya yi ta mamaye wurin har mutane suka tashi. Fadar tana kan tudu, a gefen filin wasan golf. A ƙarƙashinta akwai gaɓar teku mai suna Three Cliffs Bay, wato gaɓa mai manyan duwatsu uku, inda mota ba ta isa. Sai da ƙafa.

Tafiyar ba ta da nisa, rabin awa ta isa. Wahalarta gangara ce. Daga fadar za ka sauka kan tudun rairayi mai zamewa, don haka ka sa takalmi mai igiya, ba silifa ba. Ka riƙa dasa diddige, kada ka yi gudu. Ka bi hanyar da aka riga aka taka, domin ciyawar da ke kan tudun ita ce take riƙe rairayin. A ƙasa za ka tarar da rafin Pennard Pill yana karkacewa zuwa teku, da jerin duwatsun da ake takawa a tsallaka.

Babban abin lura shi ne ruwa. Teku yana cika sau biyu, yana janyewa sau biyu a kowace rana. Tsakanin cika da janyewa akwai kimanin awa 6. A wannan gaɓar, bambancin tsayin ruwan yakan kai mita 8. Idan ya janye, za ka iya ratsa ƙofar da ruwa ya huda a jikin manyan duwatsu ukun nan ka ɓulla gaɓar da ke kusa, mai suna Pobbles. Idan ya dawo, yakan rufe ƙofar, ya shanye duwatsun tsallaka, mutum ya rasa hanyar komawa. Shi ya sa dole ka duba jadawalin ruwa kafin ka fito, ka kuma sauka tun ruwa yana janyewa. Jadawalin jiya ba ya aiki yau, domin lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kullum.

Kada ka yi wanka a bakin rafin, ko da ka iya iyo. Nan ruwa yake ja da ƙarfi, ya kuma ci rayuka. In akwai masu ceto, ka shiga tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya kawai. Jar tuta zalla tana nufin kada kowa ya shiga. Babu kanti a gaɓar, ka zo da ruwan sha lita 1. In wani ya shiga haɗari, kira 999 ka nemi masu gadin gaɓar teku.

Aikin gida: idan ruwa ya gama janyewa da ƙarfe 10:00 na safiyar Litinin, da ƙarfe nawa zai janye ranar Laraba?