Kafin ka biya kuɗin hawa Kilimanjaro: yadda zaka tantance jagora, da inda zaka kai ƙara in ya saɓa

Kilimanjaro ba dutsen da mutum zai saɓa jaka ya kama hawa shi kaɗai bane, tun 1991 hukumar gandun dajin Tanzaniya ta hana, dole sai da jagora mai lasisi. Tsayinsa mita 5,895, kaga kuwa Chappal Waddi na Taraba da yafi kowane dutse tsayi a Najeriya mita 2,419 ne, ko rabi bai kai ba. Can sama oksijin da kake samu a kowane numfashi kusan rabin na ƙasa ne, kai yana juyewa, mai hankali ma sai ya koma gardamar banza. Toh duk binciken da zaka yi akan jagora a ƙasa zaka yi shi, tun kuɗinka na aljihunka.

Fara da takardu. Kamfani ya turo maka lasisinsa na TALA, wanda gwamnati ke baiwa masu harkar yawon buɗe ido, sannan ka nemi sunan jagoran da zai hau da kai da hoton lasisinsa na hukumar dutsen, KINAPA. Wannan na biyun mutane ke mantawa, dan da yawa masu talla a intanet dillalai ne kawai, su karɓi kuɗinka su cire nasu su miƙa ka ga wani kamfani da baka taɓa jin sunansa ba a Moshi ko Arusha, garuruwan da ke kusa da dutsen. Ka tambayi takardar horon ceton gaggawa, irin su Wilderness First Responder, ka duba kwanan wata dan tana ƙarewa. Ka kuma tambayi mataimaka nawa zasu raka ku daren hawa ƙololuwa, in ku shida ne jagora ɗaya, mutum ɗaya ya faɗi, waye zai sauko da shi waye zai tsaya da sauran?

Sai babbar tambayar, wadda a ganina ta fi duk takardun: a wane hali zaka ce min na juya? Ka yi shiru ka saurara. Wanda ya san aikinsa zai lissafo maka ba tare da inda-inda ba, ciwon kai da baya jin magani, amai, mutum ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado, numfashi sama-sama alhali yana zaune, tari mai kumfa. Waɗannan alamun ruwa ya taru a huhu ne ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma babban maganinsu saukowa, ko da tsakar dare ne. Zai ce maka safe da yamma yana maƙala ma kowa na'urar auna oksijin a yatsa yana rubutawa a takarda, yana da silindar oksijin amma ta saukowa da mara lafiya ce ba ta tura shi sama ba. Wanda kuwa ya buga ƙirji yace kar ka damu kowa nawa sai ya kai, wallahi ka nemi wani, irin direban da fasinja ke cewa taka wuta shi kuma yana takawa kenan.

Kar ka ɗauka ƙwararru basa faɗawa wannan ramin. A dutsen Everest ran 10 ga Mayu 1996 an tsara duk wanda bai isa sama ba zuwa wajen ƙarfe 2 na rana ya juya, ba a juya ba, wasu sai wajen 4 suka isa, guguwa ta rutsa da su, mutum takwas suka rasu har da manyan jagorori biyu, Rob Hall da Scott Fischer. Matsin iri ɗaya ne ko'ina, baƙo ya kashe kuɗi yana roƙo, kamfani na son ace mutanensa duk suna kaiwa, jagora na hangen tukwici. Kai zaka sauke masa wannan nauyin, ka faɗa masa gaban mutane tun ranar farko cewa tukwicinsa baya rataye da kaiwarka Uhuru, wato ƙololuwar dutsen, in yace a juya an gama magana.

Jagoran kirki shima zai yi maka tambayoyi, hawan jini, asma, ciwon zuciya, maganin da kake sha. Mu nan sai mu ƙara da sikila, ko bai tambaya ba ka faɗa, dan ko mai AS da bai taɓa jin komai ba saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsayin, ka ga likita kafin ka sayi tikiti. Kuma in yana tura ka hanyar Marangu ta kwana 5 dan tafi araha bai gaya maka jiki baya samun lokacin sabawa ba, ya ɓoye maka abu. Machame kwana 7 ko Lemosho kwana 8 sun fi sauƙi ga jiki.

Halin mutum kuma a wajen 'yan dako ake ganinsa. Ƙa'ida kaya kar su wuce kilo 20 kan kowane ɗan dako, akwai sikeli a ƙofar shiga, ka tsaya ka kalla, sannan ka lura a hanya ko an sallami wasu an lafta kayansu kan sauran. Ka leƙa tantinsu, ka ga me suka ci, wane takalmi ne a ƙafarsu. Akwai ƙungiyar KPAP a Moshi da ke sa ido kan wannan, tana da jerin kamfanonin da suka yarda a riƙa bincikarsu, duba ko naka na ciki. Tukwici kuma kar ka dunƙule ka damƙa ma jagora a ɓoye, a tara kowa a faɗi adadin da baki, ko ka ba kowa ambulan ɗinsa a hannu.

In an saɓa fa? Shi yasa tun farko komai ya zama a rubuce, hanya, kwanaki, yawan ma'aikata, kayan ceto, kuma ka biya ta banki ka riƙe rasit. A kan dutse ka riƙa rubuta rana da sansani da abinda ya faru, ka ɗau hoto, littafin rajista da ake sa hannu a sansanoni shima shaida ne. Abin da ya shafi rai ka faɗa ma jami'an gandun da ke sansanin nan take, kana saukowa ka kai rubutaccen ƙorafi hedikwatar KINAPA a Marangu da sunan jagoran da lambar lasisinsa, ka tura kwafi ga kamfanin da TATO, ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido ta Tanzaniya, in mamba ne. Zaluncin 'yan dako kuma KPAP zaka kai. Inshora ka karanta da kyau ta kai mita 6,000 kuma ta haɗa da ɗauko mara lafiya, ka bar lambarta hannun jagoran da kuma wani naka a gida.