Yadda zaka ja hanya a na'urar taswirar jirgin ruwa mai filafilai ba tare da ka hau dutse ba

Duk wanda ya saba bin Google Maps a mota zai ɗauka na'urar taswira ta jirgin ruwa ma haka take, ka danna inda zaka ta ja maka layi ka bi. To a teku babu kwalta, layin nan yawanci kai ne zaka ja shi da hannunka, kuma in ka ja shi ta kan dutse na'urar zata kai ka har kan dutsen daidai wa daida. Ina magana ne akan ƙananan jiragen nan da iska ke turawa, irin wanda mutum biyu ko uku ke ɗauka suna yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan, kamar waɗanda ke taruwa a Las Palmas ta tsibiran Canary duk watan Nuwamba su tsallaka Atlantika zuwa tsibirin Saint Lucia na yankin Karibiyan, tafiyar wajen mil 2,700 na teku. Mil ɗin teku ɗaya mita 1,852 ne, ka riƙe wannan.

Maganar wacce na'ura zaka saya bazan daɗe a kanta ba. Akwai fulota ta gaske, wato na'urar taswira mai GPS wadda ake ɗaurewa gaban sitiyari, Garmin, Raymarine, B&G, Furuno duk suna yi, ruwa baya shigarta kuma kana ganin allonta ko da tsakar rana, sai dai fa kuɗi. Akwai masu sa manhajar Navionics a tablet ko waya, Garmin ce ta sayi kamfanin a 2017. Sai kuma OpenCPN wadda kyauta ce, tana hawa laftof, tana hawa 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Ni a ganina in aljihu ya yarda ka ɗaura fulota a waje, ka ajiye tablet ko laftof a ciki mai taswirar wani kamfani daban, don in ɗaya ta manta da wani dutse ɗayar ta tuna maka. Abu ɗaya da ke cin mutane, iPad ɗin da Wi-Fi kawai gare shi bashi da GPS a ciki, a tashar jiragen zai nuna maka inda kake ka ɗauka komai lafiya, kana fita teku ya rikice. Ka sayi mai wurin sim ko ka haɗa masa GPS na waje. Kuma ka sauke taswirorin gaba ɗaya tun kana da intanet.

Taswirar kanta iri biyu ce, kuma anan ne duk rigimar take. Akwai rasta (ba masu dadar kai ba), wadda hoton taswirar takarda ce kawai aka ɗauka aka zuba a na'ura, duk abin da ke takardar yana nan ko ka zuƙo ko ka nesanta. Akwai kuma bekta, ita wannan bayanai ne hawa hawa, na'urar ce ke zaɓar abin da zata nuna maka gwargwadon yadda ka zuƙo, in ka nesanta don kaga teku gaba ɗaya sai ta kwashe ƙananan abubuwa don kada allo ya cunkushe, kuma cikin ƙananan abubuwan nan har da wanda zai fasa maka jirgi. Yanzu kusan kowa bekta yake amfani da ita, hukumar NOAA ta Amurka ma ta riga ta daina fitar da tsoffin taswirorinta na takarda da na rasta.

Kada ka ce ai sai sabon shiga hakan ke samu. Ranar 29 ga Nuwamba 2014 jirgin tseren Team Vestas Wind, a gasar Volvo ta zagaya duniya, yana hanyarsa daga Cape Town zuwa Abu Dhabi da ƙwararrun matuƙa da kayan aiki na ƙarshe, ya afka kan tudun murjani na Cargados Carajos arewa maso gabas da Mauritius cikin dare yana tsala gudu. Mutum 9 ne a ciki, Allah ya kiyaye duk suka tsira amma jirgin ya yi raga raga. Binciken da ya fito a 2015 ya nuna tudun yana cikin taswirar, ba'a dai zuƙo ta yadda zai fito sarai bane. Wuri ne fa mai tsawon kilomita gommai, ba ɗan dutse ba.

To ga yadda ake yi. Kafin ka ja komai ka shiga saitin ka gaya wa na'urar yadda ƙasan jirginka ya nutse cikin ruwa, a ce mita 1.8 ne, sai ka sa iyakar zurfin da ka yarda dashi ya zama mita 3 ko ma 5, duk inda bai kai haka ba zata canza masa launi. Ka duba da me take auna zurfin, mita ne ko ƙafa ko fatom, don fatom ɗaya ƙafa 6 ne, wanda ya karanta ƙafa 4 a matsayin mita 4 ya gama yawo. Ka tabbata GPS ɗin na kan WGS84, wato tsarin da ake lissafa lambobin wuri dashi, kuma in zaka kwafo lamba daga tsohuwar taswirar takarda ka karanta gefenta kaga ko ita ma a kansa take.

Sannan ka ja hanyar a nesance, daga tashi zuwa sauka, ka dasa zangunanka. Kada ka dasa zango daidai kan fitila ko tulun alama da ke yawo a ruwa, ka ɗan kauce, saboda GPS na yanzu baya kuskure sosai, in ka bar matuƙin atomatik yana bin layi zai je ya yi karo da abin, ga kuma wasu jiragen da su ma can suka dasa nasu. Bayan ka gama sai aikin da kowa ke ƙyuya, ka zuƙo sosai ka bi layin nan da ido tun daga farko har ƙarshe, allo bayan allo, kana duba dama da hagu ba kan layin kaɗai ba, tunda jirgin iska baya tafiya a miƙe, in iskar ta fito daga gabanka dole ka riƙa karkata nan da can, wani lokaci ka kauce wa layin da mil da yawa. Doguwar hanya zata iya cin maka awa guda, ka haɗa shayi ka zauna. Kuma duk sanda ka canza hanya a tsakiyar tafiya saboda yanayi, ka sake wannan aikin daga farko, da gajiyarka da komai. Wasu manhajojin na ja maka hanya da kansu, ba laifi, amma ka bi bayansu kamar yadda zaka bi bayan sabon yaron shago.

Wani abin kuma, ɗan jirgin da kake gani a allo yana inda yake da gaske, taswirar da ke ƙarƙashinsa ce wani lokaci tsohuwa. Akwai wurare musamman tsibiran Fasifik da har yau awon da aka yi tun ƙarni na 19 da igiya da dalma ake dogaro dashi, sai kaga allo na nuna jirginka a kan tudu alhali kana tsakiyar ruwa. In zaka shiga irin wannan wurin ka shiga da rana, rana na bayanka, mutum ɗaya ya tsaya a gaba yana kallon launin ruwa, kai kuma idonka na kan na'urar awon zurfi. In awon zurfi da taswira suka saɓa, ka rage gudu ka yarda da awon zurfin.

AIS kam, wato na'urar da jirage ke sanar da juna inda suke ta rediyo, in da hali ka haɗa, ta igiyar haɗa na'urorin jirgi ta NMEA 2000 ko tsohuwar 0183. Zai fito maka da manyan jirage a allo da sunansu da gudunsu, ya lissafa maka kusancin da za ku yi da kuma nan da minti nawa, sai ka sa ƙararrawa a ce mil 2 in kana tsakiyar teku, kusa da tasha kuma ka rage in ba haka ba kukanta zai hana kowa sakat. Da sunan a hannunka kana iya kiran jirgin a rediyo tasha ta 16 ka tambaye shi ko ya ganka. Kwalekwalen masunta dai yawancinsu basu da shi, su sai ido.

Da dare ka mayar da allon launin dare ka rage haske, in ba haka ba ka kalle shi ka ɗago kai bazaka ga komai ba na ɗan lokaci. Batun wuta ma ka lissafa, duk kayan nan batir mai bolt 12 suke sha, ruwan gishiri kuma baya jituwa da wurin caji, tablet ɗin a sa shi cikin jakar da ruwa baya shiga. Sai littafi da biro, duk awa ɗaya wanda ke kan aiki ya rubuta lokaci, lambobin inda kuke, inda kuka dosa a kamfas da gudunku. Ranar da allo ya mutu, layi na ƙarshe a littafin nan zaka ɗauka ka ɗora kan taswirar takarda, ka auna nisa da ma'aunin gefenta na dama ko hagu, inda minti ɗaya (na digiri, ba na agogo ba) yake daidai da mil ɗin teku ɗaya, banda na sama da na ƙasa.