Kurakuran da muke ta maimaitawa in za mu kai iyali wuraren wasa na Dubai da Abu Dabi

Duk shekara da an rufe lakwal a Yamai sai a fara kirana da tambaya iri ɗaya: "Alhaji, kai da ka san Dubai, muna son mu kai yara su ga manyan wuraren wasan nan, me za ka ce mana?" In na tambayi ranar tafiya, sai a ce ai an riga an yanki biye, tsakiyar Agusta, har an kama ɗaki a Deira, tsohuwar unguwar kasuwa ta Dubai. To me ya rage da zan faɗa? Shawara kafin a biya kuɗi take da amfani. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum bayan mutum, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Babban kuskure shi ne lokacin tafiya. Babban hutun yaranmu yana faɗowa daga Yuli zuwa Satumba, mu nan damina ce, gari ya yi sanyi, sai mu ɗauka can ma haka yake. Alhali Yuli da Agusta su ne tsakiyar bazararsu: zafin rana yana haura digiri 40, ga danshin teku a kai. Na ji ƴan uwana mutanen Tawa suna cewa wanda ya sha ranar Afrilu a Adar ba shi da abin tsoro a duniya. Zafinmu busasshe ne, gumi yana fita ya bushe, ka shiga inuwa ka ji dama. Nasu gumin ba ya bushewa, rigarka ta manne maka a jiki, numfashi ya yi nauyi, dare ma ba ya sauƙi sosai. Babba yana iya daurewa, amma yaro ɗan shekara biyar da aka tsayar a layi a fili da tsakar rana, kafin la'asar ya fita hayyacinsa, kuɗin biyen kuwa ba a maido maka. In da hali, a jira ƙaramin hutun ƙarshen Disamba ko na wajen Maris. Daga Nuwamba zuwa Maris garin yana da daɗi, a Janairu da rana bai cika wuce digiri 25 da ɗan wani abu ba. Amma a sani ƙarshen Disamba duniya duka can take tururuwa, otel ya yi tsada, layi ya yi tsawo, sai a kama wuri da wuri.

In kuwa babu makawa sai a babban hutu, to a zaɓi wuraren da aka gina a rufe da na'urar sanyi. Warner Bros. World da aka buɗe a 2018 a tsibirin Yas na Abu Dabi a rufe yake baki ɗaya. Haka SeaWorld na nan tsibirin, wanda aka buɗe a 2023, da IMG Worlds of Adventure na Dubai. Ferrari World ma galibinsa ƙarƙashin rufi yake. Legoland da yawancin Motiongate kuwa a fili suke, waɗannan na lokacin sanyi ne. Mutum ya kasa bambance wannan, ya tashi iyalinsa tun daga Nijar, wallahi abin yana ba ni haushi.

Na biyu, wanda ya fi ci mini rai domin na ɗanɗana shi, shi ne haɗa sari da hutun iyali. Mu ƴan kasuwa Dubai ɗinmu Deira ce: nan shagunan da muka sani suke, nan masu kago suke, nan ake cin tuwo a ji Hausa. Sai mutum ya ce ai jifa ɗaya zai yi ya kashe tsuntsu biyu, da safe ya zagaya kasuwa, da rana ya kai yara wasa. Haka na yi a karon farko. Na sauke su a ƙaramin otel ɗin da na saba sauka, na ce zan leƙa wani dillali in dawo kafin azahar. Wanda ya san ciniki ya san ba a dawowa kafin azahar. Na iske yara sun sa takalma tun safe suna zaune bakin gado. Uwarsu ta dube ni ta ce, "Alhaji, in kasuwa ka zo da ka bar mu a gida." Muka ɗauki taksi, muka faɗa cunkoson babbar hanyar Sheikh Zayed, muka isa rana ta yi sanyi, na biya kuɗin yini cikakke muka ci moriyar abin da bai kai rabinsa ba. Washegari ma haka. Na dawo Yamai kaya ba su cika ba, yara ba su more ba, kuɗin taksi kaɗai ya isa a ce otel mai kyau muka kama kusa da wurin wasan.

Mutane ba su san nisan ba ne. Dubai Parks and Resorts, inda Motiongate da Legoland da Real Madrid World suke, yana can Jebel Ali, kusan kilomita 60 daga Deira, metro kuma bai kai ƙofarsa ba. Tsibirin Yas ya haura kilomita 100, wata masarauta ce ma daban. Taksi kuma yana ɗora maka kuɗin ƙofofin hanya da suke kira Salik. Abin da nake yi yanzu, ko wani ya yarda ko bai yarda ba: in da iyali na tafi, ba na taɓa kasuwa sai an gama wasa. Mu sauka kusa da wurin da muka zo dominsa, mu gama, sannan mu koma Deira a kwanakin ƙarshe, Hajiya ta yi sayayyarta ni ma in yi tawa. Wasu otel na tsibirin Yas suna haɗa kuɗin kwana da biyen shiga, kuma akwai bas na kyauta da ke zagaya tsibirin. Ka lissafa duka kafin ka ce sun yi tsada.

Sai maganar tsayin yaro. A wuraren nan ba a tambayar shekaru a bakin manyan lilo, sanda ce a kafe ake auna tsawo da santimita. Masu gudun tsiya galibi sai yaro ya kai tsakanin mita 1.20 da 1.40. In bai kai ba, bai kai ba, kuma kada ka tsaya roƙon ma'aikaci kana cewa saura kaɗan, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera don wani girman jiki aka yi shi, ran ɗanka ake karewa. Na ga magidanta suna ɗaga murya a kan wannan, abin kunya, yaro na kuka mutane na kallo. Auna yaranka a bangon gida tun a Yamai, ka duba ƙa'idar kowane lilo a shafin wurin, sannan ka zaɓi inda za ku. Legoland don yara ƴan shekara 2 zuwa 12 aka yi shi, samari za su gaji da shi. Ferrari World, da aka buɗe a 2010, ya fi dacewa da manya. Lilon Formula Rossa da ke ciki yana kai gudun kilomita 240 a awa cikin abin da bai kai daƙiƙa biyar ba, har tabarau ake ba ka don kare ido. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko baya, da mace mai ciki, su karanta allon gargaɗi su yi biyayya. Kada a ce don an biya kuɗi sai kowa ya hau.

Biyen shiga kuma, ku daina saye hannun ƴan kamasho da ke tare mutum a bakin otel ko suke turo hoto ta WhatsApp da farashin da hankali bai ɗauka. Araha ba ta ado. Saya a shafin wurin da kansa ko wajen kamfanin tafiye-tafiye mai ofis da za ka iya komawa. Duba ko biyen na rana takamaimai ne, ko na wuri ɗaya ne ko na wurare da yawa. Ni ba na shiga wuri biyu a yini ɗaya ko da biyen ya ba ni dama, kuma bayan kowane yini biyu na wasa ina barin ɗaya na hutu. Ranar da muka sauka ba ma zuwa ko'ina. Jirgi daga filin Diori Hamani sai an yada zango a Adis Ababa ko Istanbul ko Kazablanka, agogonsu kuma ya riga namu da awa 3. Wanda ya taso daga Tawa a mota, ga tafiyar fiye da kilomita 500 a jikinsa kafin ma ya ga jirgi.

Lissafin kuɗi ma ana kwafsawa. Sefa da yuro take ɗaure, yuro ɗaya kusan sefa 656, dirhami kuwa, kuɗin can, da dalar Amurka, dala ɗaya dirhami 3.67. Saboda haka in dala ta hau, dirhami ya yi maka tsada, canjin bara ba shi ne na bana ba. Otel a Dubai yana karɓar harajin baƙi na dirhami 7 zuwa 20 a kowane ɗaki kowane dare, da yawa kuma suna riƙe kuɗin ajiya a katinka sai ranar fita. Je bankinka kafin tafiya ka tabbatar katin zai yi aiki a waje, ka san iyakar abin da za ka iya cirewa a rana. Abinci da ruwa a cikin wuraren suna da tsada, galibinsu kuma ba sa barin a shiga da abincin waje, sai a ci da kyau kafin a fita.

Sauran ƙananan in faɗe su a gurguje. Fasfo ɗin kowa, har jariri, ya kasance da sauran wata shida aƙalla, kuma kada a yanki biyen da ba a maido kuɗinsa kafin biza ta fito. Tun 2022 hutun makonsu ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin yini, don haka Litinin zuwa Alhamis ne layi ke da sauƙi. A azumi lokutan buɗewa suna canzawa. Babbar riga da gyale mai yawo ba na hawa lilo ba ne, a sa kaya masu kama jiki da mutunci, hijabi a ɗaure shi sosai, hula a cire. Sabon takalmi a bar shi a akwati. Akwai ɗakunan salla a ciki, ka tambayi inda suke tun da ka shiga, kada ka bari sai lokaci ya ƙure.

Yaranmu da yawa Hausa ko Zabarmanci da ɗan Faransanci kaɗai suke ji, ma'aikatan can kuwa Turancin Ingilishi da Larabci. Yaro ya ɓace cikin dubban mutane, ba zai iya faɗin ko sunan otel ba. Kowace safiya ina rubuta sunana da lambar da nake amfani da ita a can a ƴar takarda in sa a aljihun kowane yaro, in ɗauke su hoto da kayan da suka sa ranar, in nuna musu irin rigar ma'aikata in ce in ba ku gan mu ba, ku je wajen mai wannan rigar ku ba shi takardar, kada ku fita ƙofa.