Kurakuran da fasinjojinmu suka fi yi a tafiyar jirgin sama, da yadda za a gyara su

Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, amma duk wanda ya tsaya a zauren tashi na filin jirgin Malam Aminu Kano a lokacin Umarar azumi zai ga cewa da yawanmu har yau da ɗabi'ar tashar mota muke zuwa wurin. A tasha ana ciniki, ana roƙon direba ya ɗan jira wanda ya tafi sallah, ana ba baƙo saƙo ya kai Zariya, kuma idan kaya sun yi yawa ɗan kamasho ya san yadda zai danna su. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake aiki a jirgi, kuma mafi yawan asarar kuɗi da ɓacin ran da ake ɗora wa kamfanoni daga nan suke tasowa.

Kuskuren farko ana yin sa ne tun a gida, wurin sayen tikiti. Sunayenmu suna da rubutu iri-iri, domin Muhammad ɗaya yana iya zama Mohammed a fasfo, Muhammadu a katin ɗan ƙasa, A'isha kuma ta zama Aishatu. Mutum yakan faɗa wa ejan sunansa ta waya, ejan ya rubuta yadda ya saba, sai a kan kantar awon kaya a filin jirgi a tarar tikiti da fasfo sun saɓa, a nan kuwa gyara yana da tsada, wani lokaci ma sai an sayi sabon tikiti. Maganin abin shi ne a tura hoton shafin fasfo, sannan a karanta tikitin harafi bayan harafi a ranar da aka karɓe shi. A duba ranar ƙarewar fasfon ma, tunda ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, suna neman ya kasance da sauran wata 6 aƙalla.

Akwai kuma ruɗanin lokaci. Idan tikiti ya nuna 00:40 ranar Alhamis, to ranar Laraba da dare ne ya kamata mutum ya kasance a filin jirgi, kuma na san waɗanda suka zo ranar Alhamis da dare da rakiya da komai, suka tarar jirginsu ya yi kwana guda da tashi. Kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da aka ambata ne, don haka a tuna cewa Jidda da Adis Ababa suna gaba da Nijeriya da Nijar da awa 2, Dubai kuma da awa 3. Wanda ya rasa zangon farko na tikitinsa kada ya ɗauka sauran zangon da na dawowa suna nan suna jiransa, domin yawancin kamfanoni suna soke su gaba ɗaya idan ba a sanar da su ba kafin tashi.

Batun kaya shi ne ya fi jawo hayaniya. A yawancin tafiye-tafiyen ƙetare ana ba fasinja jaka ɗaya ko biyu, kowacce kilo 23, da jakar hannu mai kimanin kilo 7. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka cewa jaka biyu masu kilo 23 daidai suke da jaka ɗaya mai kilo 46, alhali ba a karɓar jaka guda da ta wuce kilo 32 ko da mai ita zai biya, saboda mutane ne suke ɗaga ta da hannu. Na taɓa tsayawa bayan wata dattijuwa da aka ce kayanta sun haura, ta zauna a ƙasa gaban kantar awo ta buɗe jakar, ga ƙullin kuka, ga daddawa, ga yaji a robar man shafawa, tana ware na ɗiyarta da na surukinta tana miƙa wa jikanta abin da za a mayar gida, layi kuwa ya tsaya cik. Sikelin hannu na rataya, wanda kuɗinsa bai kai na kilo biyu na ƙarin kaya ba, da ya raba ta da wannan wahala. Jakar nan mai ratsi-ratsi da ake kira bakko ma ba kowane kamfani ke karɓarta ba, domin tana maƙalewa a injin jan kaya, kuma kamfanin jiragen Habasha ya hana ta daga Nijeriya tun a ƙarshen 2023 sai idan an saka ta cikin kwali ko akwati.

Sanin abin da ke shiga jakar hannu da abin da ke shiga ta awo ya fi sanin nauyi muhimmanci, kuma sau da yawa juya su ake yi. Turare, man shafawa, zuma da duk wani abu mai ruwa ba ya wuce wurin bincike a hannu idan mazubinsa ya fi mililita 100, ko da abin da ke ciki kaɗan ne, saboda girman kwalbar ake dubawa. Shi kuwa batirin cajin waya, wanda ake kira fawa bank, a hannu kawai ake ɗaukarsa, domin idan ya kama wuta a cikin ɗakin fasinjoji ma'aikata za su gani su kashe, a ƙasan jirgi kuwa babu mai kai masa hannu. A Janairun 2025 wani jirgin Air Busan ya ƙone a Koriya ta Kudu kafin ya tashi, kuma binciken farko ya nuna irin wannan batiri ne da ke ma'ajiyar kaya ta sama, shi ya sa wasu kamfanoni yanzu suke so a riƙe shi kusa da jiki, ba sa kuma yarda a yi caji da shi a sama. Maganin hawan jini, allurar ciwon sukari, kuɗi, gwal da takardu duk a hannu ya kamata su kasance, tare da takardar likita. Masu dawowa daga Umara kuma su daina cusa robobin Zamzam cikin akwati, domin na'ura tana gani kuma za a fitar da su. Abin da aka yarda da shi shi ne roba mai lita 5 da aka rufe daga masana'anta, wadda ake aunawa daban.

Sai kuskuren da ya fi kowanne haɗari, wanda kuma kunya da kara suke jefa mutanen kirki a cikinsa, wato karɓar saƙo. Wani zai zo da fara'a ya ce, “Alhaji, na ga kayanka ba su da yawa, don Allah a taimaka a haɗa mini wannan jakar, ƙanena zai karɓa a Jidda.” A wurin hukuma, duk jakar da ke ɗauke da sunanka taka ce, kuma hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Ba a manta da wata ɗaliba 'yar Nijeriya da aka tsare a can daga ƙarshen 2018 zuwa Afrilun 2019 ba, bayan an sami ƙwayoyi a jakar da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai da bincike a Nijeriya ya wanke ta kafin a sake ta. Darasin aikace da ke ciki shi ne mutum ya tsaya da kansa a kan kanta, kada ya ba wani fasfonsa ya je ya yi masa awo, ya ƙirga ƙananan takardun kaya da ake liƙa masa a bayan tikiti, ya tabbatar adadinsu ya yi daidai da jakunkunansa, sannan ya ɗauki hoton jakunkunan. Saƙon ɗan uwa na jini ma a buɗe shi a gabansa, kuma wanda ya ji haushin hakan ya riƙe abinsa. Goro ma, duk da matsayinsa a wurinmu, hukumar alhazai ta sha gargaɗin maniyyata kada su tafi da shi Saudiyya.

A cikin jirgi kuma, tushen kurakuran shi ne yadda muke kallon ma'aikatan. Mutane da yawa suna ɗaukar su masu rabon abinci, har za ka ji ana tafa hannu ko ana cewa “ke, zo nan” kamar a gidan abinci. Gaskiyar magana ita ce doka ce ta wajabta a sami ma'aikaci ɗaya aƙalla ga kowace kujera 50, kuma dalilin wajabcin shi ne kashe gobara, agajin gaggawa da fitar da mutane idan an sami matsala. Shayi da shinkafa ƙari ne kawai. Kafin a amince da samfurin babban jirgi sai an gwada cewa za a iya kwashe duk wanda ke ciki a daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. Wannan ne ya sa suke matsawa a miƙe bayan kujera, a naɗe tebur, a ɗaga marfin taga, a tura jaka ƙarƙashin kujera lokacin tashi da sauka, domin kowane ɗaya daga ciki yana iya tare hanya ko hana ganin inda wuta take. Umarninsu kan waya ma ba abin musu ba ne, kuma tun Agustan 2025 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya ta ce a kashe wayar gaba ɗaya lokacin tashi da sauka.

Bayanin da suke yi kafin tashi, wanda masu yawan tafiya suke nuna sun wuce sauraronsa, yana da abubuwan da sai an ji dalilinsu ake riƙe su. Ana cewa ka fara saka abin shaƙar iska kafin ka saka wa ɗanka, abin da zuciyar uwa ba ta karɓa, amma a tsayin da jiragen nan suke tafiya hankalin mutum yana iya gushewa cikin ƙasa da minti ɗaya idan iskar ciki ta zube, kuma uwar da ta suma ba za ta taimaki kowa ba. Ana cewa kada a hura rigar ceto sai an isa ƙofa. A Nuwamban 1996 wani jirgin Habasha da aka yi fashinsa, wanda Legas tana cikin zangonsa, ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros, mutum 125 cikin 175 suka rasu, kuma da yawa daga cikinsu sun hura rigunansu tun suna ciki, ruwa ya ɗaga su ya manna su da rufi suka kasa fita. Haka nan ana cewa a bar kaya idan ana gudun ceton rai. A Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ya kama wuta a filin Haneda na Tokyo, mutum 379 da ke ciki duka suka fita da rai, kuma abin da masana suka fi yabawa shi ne fasinjojin ba su tsaya jan jakunkuna ba. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga mutanenmu sun miƙe suna buɗe ma'ajiyar sama alhali jirgin bai gama tafiya a kan titinsa ba.

Ɗamarar kujera ma ana kwance ta da zarar fitilar da ke nuna a ɗaura ta ta mutu, alhali akwai gargadar iska da ke zuwa sararin sama yana fes, ba tare da na'urar matuƙi ta hango ta ba. A Mayun 2024 wata mummunar gargadar iska ta sami jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan, mutum ɗaya ya rasu, gommai suka ji rauni, wasu saboda kansu ya bugi rufi. A bar ta a ɗaure ko da sako-sako ne, kuma a saman bargo, don kada ma'aikaciya ta tashe ka daga barci.

Makewayin jirgi yana buƙatar magana a fili. Ba a gina shi don a kwarara ruwa a ƙasa ba, ba shi da magudana, kuma na taɓa shiga wani jirgi inda kafin a yi rabin tafiya ruwan alwala ya malalo har kan shimfiɗar hanya, ma'aikata suka rufe makewayi biyu, tsofaffi suka yi dogon layi a sauran. Abin da ya fi shi ne a yi alwala a filin jirgi kafin shiga, idan kuma dole ta kama a ciki, a yi wanki ɗaya-ɗaya da ruwa kaɗan a cikin kwamin wanke hannu, a goge wurin. Tsayuwar sallah a kan hanya ko gaban ƙofa tana tare aikin ma'aikata, sai dai wasu manyan jiragen Saudia suna da wurin sallah a baya, don haka a tambaya. Mai niyyar Umara da zai sauka Jidda ya ɗaura haraminsa tun a ƙasa, ya jira sanarwar miƙati ya yi niyya, domin ƙaramin ɗakin nan ba zai ɗauki maza ɗari suna sauya tufafi cikin rabin awa ba. Wanda zai fara da Madina kuwa ba ya buƙatar wannan, tunda miƙatinsa Zul-Hulaifa ne.

Abinci na musamman, na Musulmi a kamfanonin da ba duk abincinsu ne halal ba, ko na mai ciwon sukari, ana neman sa ne kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, ma'aikaciya ba ta da tukunyar da za ta girka shi a sama. Iskar jirgi busasshiya ce ƙwarai, don haka a yawaita shan ruwa, a riƙa miƙewa ana taka ƙafa a doguwar tafiya, jariri kuma a ba shi nono lokacin sauka domin haɗiya tana buɗe masa kunne.

Idan jinkiri ya faru, musamman a watannin hazo daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da matuƙi ba ya iya ganin titin sauka a Kano ko Maiduguri, zagin yarinyar da ke kan kanta ba ya ɗaga jirgi, kuma yana iya sa a hana mutum tafiyar gaba ɗaya. Hukumar sufurin jiragen sama tana da teburin kare haƙƙin fasinja a manyan filayen Nijeriya, can ake kai ƙorafi da tikiti a hannu. Haka nan idan jaka ba ta fito ba, ko ta fito a fashe, kuskuren shi ne a tafi gida a ce gobe a dawo. Kafin a fita daga zauren karɓar kaya a je teburin kamfanin a cike takardar rahoto, a karɓi lambarta, a nuna ɗan tikitin kayan da aka liƙa tun wurin awo. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta shafi yawancin tafiye-tafiyen ƙetare, ta ba fasinja kwana 7 ya rubuta ƙorafi kan jakar da ta lalace, da kwana 21 kan wadda ta makara, ana ƙirgawa daga ranar da aka miƙa masa ita.