Babi na 7: Asusun Ajiyar Tsufa Iri Biyu a Amurka

Darasi na 1: Yaushe ake cire haraji?

Jama'a, kowa ya ɗauko biro da takarda. A Amurka, mai samun kuɗi ta hanyar aiki ko sana'a yana iya buɗe asusun tsufa da ake kira IRA. Manyan nau'o'insa biyu ne: Traditional IRA da Roth IRA. Na biyun ya fara aiki a 1998.

Ja layi a tsakiyar takardarka. A dama rubuta: "Traditional, haraji ranar cirewa." A hagu rubuta: "Roth, haraji kafin zubawa." Karanta da ƙarfi sau uku.

A nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Suna jin an ce kuɗin Traditional ba a cire masa haraji bana, sai su ɗauka an yafe. Ba a yafe ba. Ɗage shi aka yi, kamar bashin da aka ce ka biya bayan kaka. Hukumar haraji ta IRS tana nan tana jira.

Mu gwada da dala 1,000, haraji kashi 12 cikin ɗari. A Traditional, dubun duka ta shiga. A ce ta ninka ta zama 2,000. Ranar cirewa a ɗauke 240, saura 1,760. A Roth, an fara ɗauke 120, sai 880 ta shiga, ta ninka ta zama 1,760, ba a taɓa ko sisi. Kun ga daidai suke?

To sake lissafin, amma a ce harajinka a tsufa kashi 22 ne. Traditional ta ba ka 1,560 kacal, Roth tana nan a 1,760. In kuwa ya sauka zuwa kashi 10, Traditional ta ba ka 1,800. Saboda haka mai ƙaramin albashi yau, wanda ke sa ran samunsa zai ƙaru, Roth ta fi masa.

Wanda bai samu 1,560 ba, kada ya damu, ya sake a hankali. Amma wanda ya rubuta 2,000, haba malam! Ina harajin? Koma kan layin dama: haraji ranar cirewa. Faɗi kuma: ranar cirewa.

Darasi na 2: Nawa ake zubawa?

A 2025 iyaka ita ce dala 7,000, ko 8,000 ga mai shekara 50 zuwa sama. Wannan jimillar asusun biyu ce, ba kowanne da nasa ba. Abin da ya haura, tarar kashi 6 ke hawa kansa duk shekara har a cire shi. Bayan zubawa, zaɓi inda za a juya kuɗin, misali hannun jari. In ba haka ba zaune za su yi.

Darasi na 3: Cirewa da wuri

Kafin shekara 59 da rabi, cirewa daga Traditional yakan jawo haraji da tarar kashi 10. A Roth, uwar kuɗin da ka zuba kana iya ɗauka kowane lokaci. Ribar ce ke jiran wannan shekarun, kuma sai asusun ya cika shekara 5.

Darasi na 4

Mai Traditional dole ya fara cirewa a shekara 73. Mai Roth IRA ba dole. Aikin gida: sake lissafin Darasi na 1 da dala 500.